Tsohuwar Saba Mai Sandarewa da Tsakar Dare: Kundin Bin Diddigin RAM da Suwaf

Litinin, 6 ga Oktoba

Sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet, ta sake sandarewa cikin dare. Alamominta ba su canja ba: fankoki na juyawa, fitilar diski ta kama a kunne ba ta ko ƙyaftawa, shafukan da take ɗauke da su ba sa buɗewa. Ka aika mata ping, ɗan saƙon gwada ko tana kan layi, ta amsa nan take. Ka nemi shiga ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, layi ya haɗu, sannan ka yi ta zaman jira har lokaci ya ƙare. Maganin da ake yi mata zuwa yanzu shi ne a danne maɓallin wuta a sake kunnawa. Daga yau aikin gano dalili ya dawo hannuna.

Abin da ke cikinta: RAM (ma'ajiyar aiki mai sauri) mai GB 4, suwaf (inda ake kwashe abin da ke RAM a ajiye don a samu wuri) mai GB 2 a wani yanki na diski, diskin kuma irin na da ne mai juyawa sau 7200 a minti. Tana kan Debian 11, wani nau'in Linux, da kenel 5.10, wato zuciyar tsarin, kuma nginx mai karɓar buƙatun baƙi da PHP-FPM mai haɗa shafuka da rumbun bayanai MariaDB duk suna zaune a kanta.

Amsa ping da take yi shi ke ruɗin mutane, har wasu suka ce matsalar ta layin intanet ce. Kenel ne da kansa yake amsa ping, shi kuwa ba a taɓa fitar da shi daga RAM. SSH kuma sai an tayar da sabon aiki, an karanto manhajar daga diski, an duba makulli, an buɗe wa mai shiga wurin rubuta umarni. Idan diski ya cika da layi, kowane mataki cikin waɗannan sai ya bi layin. Na'urar da ta mutu ba ta amsa komai. Wannan da ranta, numfashi ne ya gagare ta.

Na duba rahoton kenel na kafin a sake kunnawa da journalctl -k -b -1. Akwai layukan da ke cewa wani aiki ya maƙale fiye da daƙiƙa 120, sun fara bayan ƙarfe 2 na dare. Babu alamar haunin kenel, wato wanda ke kashe manhaja idan RAM ya ƙare, ya taɓa kowa. Na kunna sysstat, mai ɗaukar rahoton aikin na'ura, a /etc/default/sysstat, don Debian na zuwa da shi a kashe ko bayan an girka shi.

Talata, 7 ga Oktoba

Daren jiya lafiya lau. Na yi amfani da zaman lafiyar na ɗauki hoton yadda take idan ba ta da ciwo, don in samu abin kwatantawa.

Umarnin free -h ya nuna abin da ya rage a fili bai wuce MB 130 ba. Abokin aikina na ganin haka ya ce to ai ga amsa, RAM ya cika. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Linux ba ya barin RAM a zaune. Duk abin da manhajoji ba su riƙe ba, yana zuba kwafin fayilolin da aka karanta kwanan nan a ciki, ya sake shi da zarar an buƙata. Layin da ya kamata a duba shi ne na available, wanda aka ƙara wa kenel a fitowar 3.14 ta 2014 saboda irin wannan ruɗani. Nan ya nuna kusan MB 650. Ba yawa, amma ba gargara ba ce.

Suwaf na ɗauke da MB 180. Wannan ma bai ɗaga mini hankali ba. Yawan abin da ke kwance a suwaf labarin jiya yake bayarwa: a wani lokaci kenel ya ga shafukan RAM, wato ƙananan yankunan da ake raba shi, da babu mai taɓa su, ya kwashe su gefe. Abin tsoro shi ne zirga-zirga, a fitar yanzu a dawo da shi bayan daƙiƙa biyu. Ana ganin wannan a vmstat 1, layukan si (abin da ake dawowa da shi daga suwaf) da so (abin da ake turawa). Yau duk sifili ne.

Babban mai cin RAM da rana MariaDB ce, tana riƙe da abin da ya ɗan haura GB 2. Na buɗe saitinta, an sa innodb_buffer_pool_size, wato RAM da take ware wa ajiyar bayanai, a 2G. Asalin saitin da take zuwa da shi MB 128 ne, ke nan da hannu aka ɗaga shi. Shawarar da ke yawo cewa a ba rumbun bayanai kaso mafi tsoka na RAM, an yi ta ne don sabar da ba ta da wani aiki sai shi. Wannan kuwa tana da 'yan haya uku.

Tun da sar, mai nuna rahoton sysstat, minti 10-10 yake ɗauka, na bar vmstat -t 5 yana zuba layukansa cikin fayil, da wani ɗan umarni mai rubuta ayyuka goma mafi cin RAM duk bayan minti ɗaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ta faɗi, kuma a wannan karon da shaida a hannu.

Har zuwa 2:00 komai na tafiya daidai. Da 2:01 layin bi, wato abin da ake karantowa daga diski, ya yi tsalle. Cikin minti huɗu layin so ya fara motsi, bayan minti goma si da so duka suna cikin dubbai. Layin wa, lokacin da furosesa ke zaune tana jiran diski, ya haye kashi 80 cikin 100. Layin b, ayyukan da suka maƙale suna jira, ya tashi daga sifili zuwa sama da 40. Daga nan sai tazarar da ke tsakanin layukan ta fara buɗewa. Na ce a rubuta duk daƙiƙa 5, amma sai ka ga layi ɗaya da 2:19, na gaba da 2:23. Shi kansa mai ɗaukar rahoton ya shiga layi.

Nauyin aiki da sar ya kama kafin shi ma ya yi shiru ya kai 52, a na'ura mai ƙwaƙwalwa huɗu. Wanda bai sani ba zai ce furosesa ce ta gaza. A Linux, tun 1993, lissafin nauyin aiki yana haɗawa da ayyukan da ke barcin jiran diski, waɗanda umarnin top, mai jera ayyukan da ke gudana, ke yi wa alamar D. Furosesar nan hutawa take yi a lokacin.

Na zauna na yi lissafin diskin, don sai da shi za a gane dalilin da ya sa jinkiri ke komawa sandarewa. Juyi 7200 a minti yana nufin 120 a daƙiƙa. Kafin a karanta wani wuri, sai allurar ta matsa zuwa layinsa, sannan a jira faifan ya juyo da wurin. A haɗe kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ke nan, don haka irin wannan diski ba ya wuce karatu ɗari ko kusa da haka a daƙiƙa idan wuraren a warwatse suke. Shafin RAM ɗaya KB 4 ne. Kenel na ɗebo takwas a lokaci guda, bisa saitin vm.page-cluster da ke kan 3, ya zama KB 32. Ko an yi sa'a duk takwas ɗin masu amfani ne, abin da ake samu bai wuce MB 3 a daƙiƙa ba. Dawo da GB 1 a wannan tafiya zai ci fiye da minti biyar, shi ma in babu wanda ke sake tura shi baya. Taɓa abu a RAM kuwa ya fi taɓa shi a wannan diski sauri sau wajen dubu ɗari.

Shi ya sa hauni bai fito ba. A idon kenel aiki na tafiya: an nemi shafi, ya samo wuri, ya bayar. Bai damu da cewa samun ya ci daƙiƙa ashirin ba. Ba ya ɗaga takobi sai ya nema ya rasa gaba ɗaya, kuma da suwaf mai GB 2 a diski mai wannan tafiya, kafin a kai can gari ya waye.

Jerin masu cin RAM ya nuna 'ya'yan PHP-FPM, wato ƙananan ayyukan da yake tayarwa don amsa buƙatu, sun tashi daga 8 zuwa 50. Amma ko na haɗa su da MariaDB, akwai fiye da GB 1 da ban ga mai shi ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Kafin in ci gaba, na cire zargin ƙarfe. Tsohon diski mai ɓatattun wurare yana iya kawo irin wannan maƙalewa. Umarnin smartctl -a ya nuna lamba ta 5 da ta 197, wuraren da aka sauya da waɗanda ake shakka a kansu, duka sifili. RAM ɗin DDR3 ne mai gyara kuskurensa da kansa, kuma kenel bai rubuta ƙorafi ko ɗaya a kansa ba. Na duba dmidecode -t memory, ramuka biyu cikin huɗu babu komai a ciki. Na ajiye wannan a gefe.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na samo mai GB ɗayan da ya ɓata.

Da ƙarfe 2 na dare cron, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, yana tayar da aikin kwafe rumbun bayanai. Na buɗe rubutun umarnin, sai ga shi mysqldump, manhajar da ke yin kwafin, yana zuba shi ne a /dev/shm, a matse shi a can, a tura shi wata na'ura, sannan a goge. Na fahimci niyyar wanda ya rubuta: wurin yana da sauri, ba ya wahalar da diski. Saurin nasa kuwa saboda ba diski ba ne, RAM ne da aka yi wa siffar jakar fayiloli, kuma bisa asali ana yarda ya ci har rabin RAM ɗin na'ura. Lokacin da rumbun yake ƙarami babu wanda zai ji a jikinsa. Yanzu kwafin ya kai GB 1.4 kafin matsewa.

Abubuwa biyu ne suka ɓoye shi. Na farko, abin da aka zuba a nan ba na wata manhaja ba ne, don haka ba ya fitowa a top ko ps. A free yana shiga layin shared, kuma ana lissafa shi cikin buff/cache, inda ido ya saba ɗauka cewa abin da za a iya saki ne. Ba a iya sakinsa. Kwafin fayil na gaske, kenel na iya jefar da shi don asalinsa na nan a diski. Wannan ba shi da asali a ko'ina, hanyarsa ɗaya ce, suwaf. Na biyu, duk sanda aka sake kunna na'urar wurin na komawa fanko. Wato maɓallin da ake dannawa duk safiyar da ta faɗi yana goge sawun ɓarawon.

Sai dai ban yarda kwafin shi kaɗai ne ba, don ana yin sa kullum amma ba kullum take faɗuwa ba. Na koma kan rahoton nginx. A dararen da ta faɗi, manhajojin da ke yawo suna kwashe shafukan intanet sun yi yawa a daidai lokacin. Ga yadda na ga sarƙar:

Kwafi ya fara, diski ya shiga aiki. Tambayoyin da ake yi wa rumbun bayanai suka rage sauri. Kowane ɗan PHP da ke jiran amsa ya riƙe wurinsa bai saki ba. Sabbin buƙatu suka iso, PHP-FPM ya haifi sabbin 'ya'ya. Kowane sabo na son RAM, alhali kwafin ya riga ya cinye abin da ya rage. Kenel ya fara turawa suwaf, suwaf kuma yana kan diskin nan guda da ake jira. Cikin abin da aka tura har da shafukan MariaDB, waɗanda aka ajiye a RAM musamman don kada a je diski. Tambayoyi suka ƙara nauyi, 'ya'ya suka ƙaru. Da zarar zoben ya rufe, ko baƙin sun tafi ba ya buɗewa da wuri.

An sa pm.max_children, iyakar yawan 'ya'yan PHP-FPM, a 50. Debian na zuwa da shi a 5. Na san yadda ake kaiwa nan, don PHP-FPM da kansa yana rubuta wa mutum a rahotonsa cewa an kai iyaka, a duba yiwuwar ɗagawa. Ba ya cewa a fara duba RAM. Mutum ya ɗaga zuwa 20, saƙon ya dawo, ya ɗaga zuwa 50.

Gyaran yau ɗaya ne tak: kwafin ya daina bi ta /dev/shm. Yanzu mysqldump --single-transaction yana miƙa wa gzip mai matse fayil kai tsaye, shi kuma yana rubutawa a diski. Sauran na bar su yadda suke, don in na canja abu huɗu a dare ɗaya ba zan san wanne ya yi aiki ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ƙarshen mako bai zo da sandarewa ba, amma daren Asabar ta yi tangal-tangal. 'Ya'yan PHP sun kai 38, si da so sun yi motsi na kusan minti shida, sannan ta farfaɗo da kanta. An cire dutse ɗaya daga kayan, kayan kuma har yanzu sun fi ƙarfinta.

Na fara karanta /proc/pressure/memory, wanda ya shigo kenel a fitowar 4.20 a ƙarshen 2018. A ganina ya fi duk sauran ma'aunai faɗin gaskiya, don shi lokacin da aka ɓata ana jiran RAM yake aunawa, bai damu da nawa ya cika ba. Layin some na nuna kason lokacin da aƙalla aiki ɗaya ya tsaya jira. Layin full na nuna lokacin da duk masu son aiki suka tsaya tare. Kowanne yana da matsakaicin daƙiƙa 10, 60 da 300. Na ƙara shi cikin abin da ake rubutawa kowane minti.

Abokin aikina ya kawo shawara: tun da suwaf ne ke kashe ta, a cire shi baki ɗaya, RAM na ƙarewa hauni ya fito ya yi aikinsa a huta. Shawarar na da ma'ana a baki, kuma da yawa suna bin ta. Mun yarda a gwada gobe da rana, a lokacin da aka sanar za a yi gyara.

Talata, 14 ga Oktoba

Mun gwada. Na kashe suwaf da swapoff -a bayan na tabbatar abin da ke ciki zai samu wuri a RAM, sannan muka yi ta jefa wa shafukan buƙatu har 'ya'yan PHP suka yi yawa.

Ta sandare. Layukan si da so sifili, tun da babu inda za a tura, amma fitilar diski ta kama kamar kullum, layin bi ya cika, sar -B kuma ya nuna majflt/s, wato sau nawa aka nemi shafi aka tarar sai an je diski, ya yi sama sosai. Na buga harafi a allon da ke jikin na'urar, sai da na ƙirga wajen goma kafin ya bayyana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shafukan RAM iri biyu ne. Akwai waɗanda manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, ba su da gida sai suwaf. Akwai waɗanda aka karanto daga fayil, ciki har da jikin manhajojin kansu: nginx, sshd, bash da sauransu. In ka cire suwaf, ka hana kenel taɓa kashi na farko, ko da shafin da ba a waiwaya ba tun ranar da aka kunna na'ura ne. Sai ya koma kan na biyu. Ya jefar da wani yanki na sshd don ya ba PHP wuri, sshd ya motsa, a sake karanto shi, a jefar da na nginx. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gaskiya ne hauni ya fito a ƙarshe, bayan 'yan mintoci maimakon sa'o'i. Amma wa ya kashe? MariaDB, don ita ce mafi girma, kuma girma yake dubawa. Ita ce kuwa abu na ƙarshe da nake so a kashe ba shiri.

Na mayar da suwaf da swapon -a. Abokin aikina bai ja ba, gani ya kori ji.

Wani ƙaramin abu da ya fito a gwajin: haɗa maɓallan Alt da SysRq da f yana kiran hauni da hannu, wanda ya fi danne maɓallin wuta sauƙin illa nesa ba kusa ba. A Debian an bar kernel.sysrq a 438, lambar da ba ta ƙunshi izinin kashe ayyuka ba. Sai an ƙara 64. Na mayar da shi 502.

Laraba, 15 ga Oktoba

Yau ranar lissafi ce.

Tambaya ta farko: ɗan PHP ɗaya nawa yake ci? A top kowanne na nuna kusan MB 110 a layin RES, amma wannan lamba na ƙirga abin da suke tarayya a kai sau da yawa, kamar ajiyar OPcache da duk 'ya'yan ke karantawa daga wuri ɗaya. Na girka smem, wanda ke raba abin tarayya tsakanin masu shi a layin PSS. Ya nuna tsakanin MB 55 da 75. Na ɗauki 70.

To 50 sau 70 ya ba da GB 3.5. Ƙara GB 2.2 na MariaDB. Ƙara GB 1.4 na kwafin da ake yi a da. Ƙara kenel da nginx da ƙananan ayyuka, a ce MB 400. An yi wa na'ura mai GB 4 alƙawarin GB 7.5. Ko an haɗa da suwaf ɗin gaba ɗaya bai kai ba. Linux na barin a yi irin wannan alƙawari, don bisa asali yana ba manhaja wurin da ta nema a takarda, sai ranar da ta zo taɓawa ake neman na gaske. Yawancin lokaci ba kowa ke zuwa karɓa a tare ba. Da ƙarfe 2 na dare suna zuwa.

Sabon rabo: MariaDB ta koma 1G. Na duba teburan da ake taɓawa kullum ba su kai MB 800 ba, sauran tsofaffin bayanai ne da sai kwafi ke bi ta kansu. Da abin da take buƙata a gefe, na ware mata GB 1.4. Tsarin na'ura MB 400. Na bar MB 700 don kwafin fayiloli, saboda saba mai tsohon diski in ba ta da wannan sarari wahala take sha ko RAM bai ƙare ba. Abin da ya rage kusan GB 1.5 ne, a raba da 70 ya ba da 21. Na sa 16. Na kuma sa pm.max_requests a 500, don kowane ɗa ya sauka a haifi sabo kafin ya kumbura.

An tambaye ni ko rage 'ya'ya daga 50 zuwa 16 ba zai rage yawan mutanen da za a iya yi wa hidima ba. Furosesa mai ƙwaƙwalwa huɗu ba ta taɓa yin aiki hamsin a lokaci guda ba. Buƙata ta 17 za ta jira a layi na ɗan lokaci, kuma jira a layi kusan ba ya cin RAM. Gara mutum ya jira daƙiƙa ɗaya da kowa ya jira wayewar gari.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Dare biyu, si da so ba su yi wani motsin kirki ba. Shafin da PHP-FPM ke nuna halinsa ya ce an kai iyakar 16 a lokacin kwafi, layi ya taru kaɗan ya watse. A MariaDB na kwatanta Innodb_buffer_pool_reads da Innodb_buffer_pool_read_requests, don in ga ko ragewar ta sa tana yawan zuwa diski. Da rana bambancin bai taka kara ya karya ba.

Maganar vm.swappiness ta taso, kamar yadda take tasowa duk inda aka ambaci suwaf. Yana kan 60, asalin saitinsa. Mutane da yawa na ɗauka 60 na nufin a fara suwaf idan RAM ya kai wani kaso. Ba ma'aunin cika ba ne. Yana gaya wa kenel ne, idan dole sai an saki wani abu, wane ɓangare zai fi karkata: shafukan manhajoji ko kwafin fayiloli. Tun kenel 5.8 lambar na iya kaiwa 200, don masu suwaf mai sauri. Da na sauke shi zuwa 10 tun ranar farko, da alƙawarin GB 7.5 na nan daram. Yanzu da kayan suka daidaita, na sa shi a 20 don shafukan MariaDB su fi zama a RAM. Ban kai shi sifili ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Lissafi na iya kuskurewa, wani kuma na iya zuwa gobe ya ɗaga lamba. Don haka na kafa shinge biyu.

Na farko ta systemd, mai tayar da hidimomin na'ura da kula da su. Debian 11 na amfani da cgroup na biyu, wanda ke ba da damar yi wa kowace hidima iyaka. Na ba PHP-FPM MemoryHigh na 1300M, inda kenel zai fara matsa masa ya rage, da MemoryMax na 1600M, inda za a kashe ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba tare da an taɓa maƙwabta ba. MariaDB kuma na sa mata OOMScoreAdjust a -500. Ma'aunin daga -1000 yake zuwa 1000, kuma -1000 na nufin kada a taɓa ko kaɗan; sshd mai sauraron masu shigowa yana ba kansa wannan da kansa.

Na biyu earlyoom, ƙaramar manhaja mai zaman gadi. Bisa asali tana jira har abin da ya rage a RAM da na suwaf duka su sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, sai ta nemi mafi cin RAM ya sauka da lalama, in an kai kashi 5 ta kashe. A wannan na'ura jiran suwaf ya kusa cika ya yi latti, mun ga lissafin diskin. Na gyara ta motsa tun suwaf na da rabinsa, na kuma gaya mata ta fi karkata ga 'ya'yan PHP, ta kauce wa MariaDB da sshd.

Na duba zram, wato suwaf a cikin RAM ɗin kansa inda ake matse shafuka maimakon a kai su diski. Yana da kyau ga ƙananan na'urori. Abin da ya tsayar da ni: in ya cika da tsofaffin shafukan da ba a taɓawa, sababbi masu zafi ne za su gangara zuwa diski. Ga mai suwaf a diski, zswap ya fi dacewa, don yana tura masu sanyi ƙasa. Ban kunna ko ɗaya ba tukuna, babu matsin da za su rage a yanzu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ba ta sake sandarewa ba tun gyaran ranar 15 ga wata. A lokacin kwafi layin some na ɗan ɗagawa na minti biyu ko uku, full bai bar kusa da sifili ba. Manhajar earlyoom ba ta kashe kowa ba.

Suwaf na riƙe da MB 310 kuma ba ya motsi. Na bi layin VmSwap a /proc na kowane aiki, yawanci ƙananan hidimomi ne da ke tashi da na'ura su kwanta. Nan ne wurinsu. Amma tsohuwar ƙararrawar sa-ido na ta aiko da saƙo duk sanda suwaf ya wuce kashi 10 cikin 100, har mutane sun daina karantawa. Na cire ta. Sabuwar za ta yi ƙara ne idan full na daƙiƙa 60 ya wuce 5, ko available ya sauka ƙasa da MB 300 na tsawon minti biyar.

Rumbun bayanan na ci gaba da girma, kuma ranar da teburan da ake taɓawa kullum suka wuce GB 1, rabon da na yi zai buƙaci sabon lissafi. Na rubuta buƙatar a cike ramuka biyun nan da RAM iri ɗaya da na ciki, ya zama GB 8, tare da SSD da zai karɓi rumbun da suwaf. Ranar da za a buɗe akwatin zan bar memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya zagaya tsoho da sabo kafin a mayar da ita bakin aiki. Kafin nan, sati mai zuwa zan kwashe tsofaffin bayanan zuwa teburinsu daban, in ga nawa lokacin kwafin dare zai ragu.